Katunan Yaran Kebbe

Tun da na dawo daga Kebbe ban huta da tambaya ba. A masallaci, a bakin kasuwa, har a makaranta, kowa sai ya tare ni ya ce, "Malam Sanda, yaya ka baro su?" Nakan ce lafiya lau, don amsar gaskiya ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya. Yanzu da kumburin hannuna ya sace har ina iya riƙe alƙalami, bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga mafarin abin. Shekara fuɗu da suka wuce Baturen makaranta ya kawo mana wasu katuna masu kauri, kowane yaro da nasa. Ranar da yaro ya shiga aji ɗaya za a buɗe masa kati, ya bi shi har aji fuɗu. Ƙarshen kowane zango malami ya rubuta yadda yake a karatu da rubutu da lissafi, da halinsa, da lafiyar jikinsa, da abin da hannunsa ya fi karkata gare shi. Bature ya ce jarrabawar yini ɗaya ba ta isa a san yaro ba. In lokacin zaɓen masu tafiya makarantar Midil a Sakkwato ya yi, da masu tafiya koyon sana'a, katin zai duba. Mu dai mun ɗauke shi ƙarin wahala, amma mun cika.

Bana yaran farko suka kai aji fuɗu. Kowace elementare ta aiko da nata nan Tambuwal, inda Bature zai sauka, ban da ta Kebbe. An aika sau biyu, shiru. Saura kwana goma ya iso, hedimasta ya kira ni ya ce in je in karɓo, don in babu kati babu yaron Kebbe da za a duba. Ni ya zaɓa saboda ina da keke. Ya ba ni sababbin katuna a ƙaramin akwatin ƙarfe, ko da gara ta taɓa nasu.

Na tashi bayan asuba. Damina ta zo ƙarshe, gero ya nuna, amma hanya ba ta san da haka ba. Inda babu taɓo akwai rairayi, inda babu rairayi akwai ƙaya. Kafin hantsi na yi faci sau biyu, a na uku man facin ya ƙare. Ina zaune gindin wata aduwa ina kallon tayar, sai ga wani mai jakai ya biyo, mutumin Jabo, wai shi Arzika, ya ɗauko gishiri da kanwa.

Ya tsaya ya ce, "Malam, dokin naka ya gaji?"

Na ce ya gaji. Sai ya rage wa jaki ɗaya kaya, muka ɗora keken a kansa muka ɗaure. Haka na ci gaba, keke bisa jaki, ni a ƙasa da akwati a ka.

Da muka yi nisa ya ce, "Mi kaka ɗauke da shi cikin akwatin ga?"

Na ce takardun yara ne. Da na sani da na ce gishiri ne. Da muka kusa wani ƙauye ya riga ni shiga don ya shayar da jakai, ni na tsaya cire ƙaya. Ko da na isa, garin kamar an share shi. Babu yaro ko ɗaya a fili. Mai fura ta rufe ƙwaryarta ta shige gida. Ashe Arzika ya faɗa a bakin rijiya cewa malamin boko na tafe da takardun yara, su kuwa suka ɗauka kamun yara zuwa boko aka zo yi. Na yi sallama a wani gida in roƙi ruwa, wata tsohuwa ta amsa ta bayan danga.

Ta ce, "Garin ga ba a haifuwa, Malam. Ka yi gaba."

Tana faɗa jariri na tsala kuka a bayanta. Ban iya ko dariya ba. Ruwan da Arzika ya ɗebo wa jakai na sha.

Bayan azahar muka kai iyakar ƙasarmu da ta Kebbe. Ni a sanina babu komai a wurin sai wata tsamiya. Ranar sai muka tarar da dogarin uban ƙasa zaune bisa tabarma, da mai lambar rigakafi da kayansa a faranti. An ce an ji ƙishin-ƙishin agana a kudu, don haka ba mai wucewa sai ya nuna tabon lamba. Arzika ya zare hannun riga, nasa kamar tsabar kuɗi, aka ce ya wuce. Nawa tun ina Midil aka yi, ya dushe. Mai lamba ya juya damtsena ya duba, ya ce bai ga komai ba. Na ce ni malami ne, aikin hukumar En'e ya fito da ni.

Ya ce, "Agana ba ta san malami ba."

Na roƙe shi ya yi a hagu, don da dama nake rubutu. Ya ce to, amma yana magana da dogari ya kama dama ya tsaga. Kafin in buɗe baki an gama.

Nan muka rabu da Arzika, shi ya yi wata kasuwa. Na ja keke har bakin gulbi. Ruwa ya kawo, mai fito ya ce ba zai ɗauki ni da keke a tashi ɗaya ba. Ya fara ƙetarar da keken, ya tsaya can yana hira da masunta har rana ta yi ja, ni ina wannan gaɓa ina kallon dukiyata jingine da wani itace.

Gidan mai garin ƙauyen da ke tsallake na sauka. Mutumin kirki ne, ya ba ni zaure da tabarma sabuwa. Abin da ya ba ni mamaki, da aka kawo tuwo sai ya ajiye ya fita, ya bar ni ni kaɗai da akushi. Mu nan baƙo tare ake sa hannu da shi. Na ɗauka wani laifi na yi, sai daga baya ya ce a gidansu ba a kallon bakin baƙo, don kada kunya ta hana shi ƙoshi. Tuwon jar dawa ne, mai nauyi, da miyar yauƙi da busasshen kifi. Cikina da ya saba da gero bai yi maraba da shi ba. Amma furarsu, gaskiya, ta fi tamu. Nono suke zubawa ba ruwa ba, don shanu sun wadata. Sauro kuma ya wadata. Da safe wani maƙeri ya cusa wa tayata tsumma da ciyawa ya ce za ta kai ni. Ta kai ni, sai dai kowane juyi sai ta gaishe da ƙashin bayana.

Na shiga Kebbe da hantsi. Makarantar ɗaki biyu ce ta ƙasa, ɗaya a rufe. Tun daga nesa na ji yara suna maimaita jadawalin bakwai. Malaminsu, Malam Bawa, dattijo ne dogo, ya koyar tun kafin a sa ni makaranta. Na yi sallama, ya fito da fara'a, ya miƙo hannu. Sai dai hannun ya wuce nawa da kusan taƙi ɗaya, idonsa kuma kafaɗata yake kallo.

Da aka tashi yara ya jawo akwati daga ƙarƙashin tebur ya ce in buɗe. Gara ba ta taɓa komai ba. Katuna goma sha takwas ne. A kowanne, gurbin aji ɗaya da na aji biyu an cika su tsaf da rubutun wani malami da aka yi wa canji. Na aji uku rubutun Malam Bawa ne, layi ya hau layi, wani ya fita daga katin gaba ɗaya. Na aji fuɗu babu komai.

Na ɗago kai na dube shi. Shi ya fara magana.

Ya ce, "Tun bara, Malam. Allo kamar hayaƙi nika ganin shi. Rubutun da nika yi bisa shi, hannu ka yi, ba ido ba."

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, mi ya hana a faɗi?"

Ya ce, "In na faɗi a sallame ni. In an sallame ni wa za a turo? Wancan ɗakin shekara biyu ke nan a rufe, tun da abokin aikina ya tafi. Na ce bari in kai waɗanga aji fuɗu, in ga sun fita."

A raina na yi lissafi. Katuna goma sha takwas, in na rubuta "da kyau" da "da dama" a kowane gurbi, kafin la'asar na gama, gobe in kama hanya. Hannuna ya fara zafi, ga gajiya. Na faɗa masa haka a fakaice. Ya girgiza kai.

Ya ce, "In haka za a yi, gara a kai su babu komai. Zauna. Ni in faɗi, kai ka rubuta."

Kwana uku muka yi. Da safe in ba yara lissafi da shifta in duba da idona, in an tashi mu zauna a inuwar ɗaki, in kira suna, shi ya faɗi. Ban taɓa ganin mutum ya san yara haka ba. Wannan yana karatu da sauri amma ba ya riƙewa. Wancan in an tsawata masa sai ya manta abin da ya sani, a bi shi a hankali. Wani ba shi da lissafin takarda, amma shi ya gyara ƙofar aji da ƙafar benci, a kai shi wurin kafintoci zai yi suna. Wani zazzaɓi yana kayar da shi kowace damina, kada a ɗauka lalaci ne. Abin da na gani a gwajin safe bai taɓa saɓa wa maganarsa ba. Yaro ɗaya sai mu yi rabin sa'a a kansa. Damtsena ya kumbura ya yi ruwa, ina rubutu ina cije leɓe, shi kuwa sai ya ce, "Karanta mini abin da ka sa," in ya ji kalma ba ta zauna ba a sake. Akwai lokacin da na ji kamar in ajiye alƙalamin in tafi.

A rana ta uku muka zo kan katin wani Labbo, ɗan ƙauyen Fakku, wanda ban gani a aji ba. Na karanta abin da malamin farko ya rubuta. Zango bayan zango magana ɗaya ce: ba shi da kai, ba ya amsa tambaya, mai taurin kai ne, an hore shi bai canza ba.

Malam Bawa ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Yaron ga ba shi ji da kunnen hagu. Tun ƙyanda da ya yi shina ƙarami. Ni ma da ina gani ban gane ba, na buge shi ba sau ɗaya ba. Sai da idona ya tafi na bar tsayuwa gaban allo, na koma yawo tsakaninsu ina bin murya. In na tsaya damansa ya amsa kafin kowa. In na tsaya hagunsa, shiru. Na maido shi gaba, na ba shi gefen da ya dace. Malam, ban taɓa koyar da mai lissafinsa ba."

Sai ya matso ya rage murya. Ya ce tun da na zo da sababbin katuna, in yaga wannan, in buɗe masa wani, in cika shekara fuɗun da magana mai daɗi, kada a ambaci kunne. Yana tsoron Bature ya ga "ba shi da kai" ya ture, ko ya ga kunne ya ce nakasasshe ne.

Na ɗauko sabon kati har na rubuta sunan. Sai na tuna yadda Midil take, don na zauna cikinta. Aji cike, malami bai san kowa ba, inda aka ga dama nan za a zaunar da kai. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, in mun ɓoye, can ma hagunsa za a tsaya. Su sake rubuta abin da wancan ya rubuta, kuma babu kai a wurin."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To bar tsohon katin. Rubuta ƙasa. Ka sa har da cewa ni ma na buge shi kafin in sani."

Na rubuta duka, ban da wannan na ƙarshe. Ya tambaya ko na sa, na ce ban sa ba, kati na yaro ne ba na malami ba. Bai ji daɗi ba, amma ya ƙyale.

Saura matsala ɗaya. Uban yaron ya zo ya tafi da shi tun farkon yankan gero, ya ce ya gama boko. Washegari na bar keke na tafi Fakku da ƙafa, don taya ta zubar da ciyawarta. Na sami uban, Malam Mamman, a gona shi da 'ya'yansa suna ɗaurin dammuna, shanunsa na kiwo a gefe. Ya saurare ni yana tsaye, bai saki igiyar hannunsa ba.

Ya ce, "Shekara biyu yaron ga shina zo mini hutu da shatar bulala a baya. Kunka ce daƙiƙi ne. Yanzu kun ce ya fi kowa. Wace takardar zan gaskata?"

Sai na fito da katin na karanta masa tun daga aji ɗaya, ban tsallake komai ba. Da ina karanta na farko fuskarsa ta ɗaure. Da na zo wurin kunne sai ya saki igiyar.

Ya ce, "Wa ya gaya mai? Uwarsa kaɗai ta sani, sai ni. Mun ɓoye don kada a yi mai suna da shi."

Na ce ba wanda ya gaya masa, shi ya gano.

Ya kira Labbo. Yaro ne siriri, yana tahowa yana ɗan karkata kai gefe ɗaya. Na koma damansa na ba shi lissafi iri-iri, na tarawa da na rabawa, har da wanda nake ba manyan ajinmu. Ba allo ba alli, yana kallon ƙasa yana faɗi. Sau ɗaya na ce ya yi kuskure, da na sake bi sai na ga ni ne na yi.

Uban ya ce in nuna masa inda aka rubuta maganar kunnen. Bai iya boko ba, amma ya sa yatsa a wurin ya daɗe.

Ya ce, "Ƙanana ne. Ƙara musu girma, yadda mai gaggawa zai gani. In sun yarda su tsaya damansa, ya tafi. In ba haka ba ga shanu nan."

Na durƙusa na ɗora katin a gwiwa na bi haruffan na kaurara su. Ya sa aka kawo mini fura, wannan karon tare muka sha.

Da zan bar Kebbe Malam Bawa ya rako ni har bakin gari, yana dafe da sirdin keken kamar taya ni turawa yake. Ya ce in Bature bai tambaya ba kada in ce komai, in ya tambaya kada in yi ƙarya.

Dawowa ba ta da labari. Gulbi ya ɗan janye, mai lamba ya tashi, ƙauyen nan da ba a haifuwa na kewaye shi ta bayan gari. Kwana biyu ina tura keke da hannu ɗaya.

Bature ya iso ya zauna a ofishin hedimasta, katuna tsibi-tsibi a gabansa. Da ya zo kan na Kebbe ya juya biyu, uku, ya jawo na ajina ya ajiye kusa da su. Ya sa aka kira ni.

Ya ce, "Malam Sanda, wannan rubutunka ne. Kai kake koyarwa a Kebbe?"

Na ce, "A'a, ranka shi daɗe."

Ya ce, "To me ya sami Malam Bawa?"

Na faɗa masa duka, tun daga hannun da ya wuce nawa. Na ce kowace kalma a katunan tasa ce, ni alƙalami ne kawai. Bai katse ni ba. Ya koma ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, abin da bai yi wa na sauran makarantu ba. A kan na Labbo ya tsaya, ya karanta sama ya karanta ƙasa, ya ɗauki jan alƙalami ya ja layi ƙarƙashin manyan haruffan nan, ya sa shi a tsibin masu zuwa jarrabawar Midil. Mai gyaran benci ya shiga na koyon sana'a. Yara biyar aka ɗauka daga Kebbe, sun fi namu.

Sannan ya ce, "Waɗannan su ne katuna mafi kyau da na gani a lardin nan. Amma makaho ba zai riƙe makaranta ba."

Ya rubuta takarda ya bar wa hedimasta. Malam Bawa zai ajiye aiki ƙarshen zangon nan. Wanda zai gaje shi, an ce za a duba.

Jiya hedimasta ya ba masinja takardar ya kai. Ina tsaye na ga ya sa ta a jaka, sai na tuna babu mai karanta boko a kusa da Malam Bawa sai yaran ajinsa. Ɗayansu zai kira, ya tsaya gabansa yana haɗa baƙi, ya karanta masa sallamarsa. Na ce wa masinja ya ba ni.

Hedimasta ya dube ni, ya dubi hannuna da ke ɗaure da tsumma. Ya ce, "Kai ba ka gaji ba?"

Na ce na gaji ƙwarai. Ranar Asabar zan tashi.